Neman shawara: Baffa da tsofaffin ma'aikata sun ƙi sabon tsarin da na kawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana injin gyaran shinkafa a wani ƙauye kusa da Kura, da ma'aikata bakwai. Bayan rufe boda a 2019 ciniki ya buɗe sosai, amma yanzu dillalan da ke kai kaya Dawanau sun fara tsallake mu, wai tamu da tsakuwa. Ga gas ya yi tsada. Sai na kawo abu uku rana guda: littafin shiga da fita, karɓar kuɗi ta POS kawai, da biyan yara a kan buhu maimakon kuɗin wuni. Ina kuma harin injin cire tsakuwa. Tun ranar, Baffa, ƙanin mahaifina da ya shekara 20 yana riƙe da wurin, daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Yara biyu sun tafi. Ina na kuskure?

Wani dattijo daga Bunkure:
Wa'alaikumussalam ɗana. Allah ya kai rahama kabarinsa. Kafin ka sanar a gaban yara, ka je gida ka zauna da baffanka? Na san ba ka je ba. Mutumin da aljihunsa ne asusun wurin duk shekarun nan, ka wayi gari ka ce a riƙa rubutawa, ai a kunnensa ɓarawo ka kira shi. Littafin ba laifi ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi take. Ka je bayan isha'i, ka durƙusa, ka ce ka yi gaggawa. Littafin kuma a hannunsa za ka bar shi. In boko ne matsalar, ya rubuta da ajami.

Mai gumi (mai turara shinkafa) daga Garun Malam:
Ƙanina, ajiye kuɗin injin nan tukuna. Ba a wurinku tsakuwa ke shiga ba, a wurin casa take shiga, da wurin shanya, balle masu baza gumi a bakin kwalta. Na yi shekara 10 ina turara shinkafa, na san abin da nake faɗa. Ka sayi tamfol ka ba matan da ke muku gumi aro, ka ɗan ƙara musu wani abu a kan duk buhun da ya zo tas. Kuma ka aika a ji ta bakinsu. Ku maza sai ku yi ta taro a kan shinkafa ban da masu dafa ta! Inji ya zo daga baya ya kwashe ragowar.

Ɗan Haɗejia:
Biyan kan buhu na gwada shi, na sha wuya. Yara suka riƙa cusa kaya a inji don adadi ya ƙaru, ko ta bushe fiye da kima ba ruwansu, shinkafa ta fito duk a kakkarye, sai ta tuwo. Na mayar da kuɗin wuni, na sa lada a kan buhun da ya fito da tsayinsa. Sannan tambaya: ɓuntu da karyayyiyar, wa ke sayarwa a zamanin baba? In yaran ne, to littafinka ya cinye musu kuɗin cefane ba ka sani ba.

Wani daga Kadawa:
POS kam ka ci gaba da shi, mun ga ranarsa lokacin ƙarancin takardun kuɗi a 2023. Amma kada ka hana tsaba. Ranar da sabis ya ɗauke, manomi zai kwana a bakin injinka ne?

Mai tambaya:
Ɗan Haɗejia, wallahi nasu ne, ni kuma na sa shi cikin kuɗin shiga. Yau da dare zan je wurin Baffa in sha Allah. Yaya mai gumi, tamfol nawa zai ishi mace ɗaya ta shanya buhu biyar?