Neman shawara: wankin hoto nan take daga ƙaramar kyamara, ba tare da kwamfuta ba

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar hoto. Yayana ya bar mini wata ƙaramar kyamara Canon IXUS, irin ta sakawa a aljihu, mai megafiksel 16, da ita nake ɗan laluben na cefane a wajen suna, ɗaurin aure da saukar karatu a garinmu. Wanki ne ke karya ni. Sai na tara hotuna in ɗauki katin kyamara mai ajiye hotunan in shiga birni, kafin in dawo taro ya watse, baƙin da suka ce a ɗauke su kowa ya kama gabansa. Hotuna su yi kwantai, ga kuɗin mota na asara.

An ce mini akwai ƙaramin injin da ake jona wa kyamara ya fito da hoto a take. Kwamfuta dai ba ni da ita, wuta kuma sai ranar da aka ga dama. Shin tawa kyamarar za ta yi? Wane inji zan nema? Akwai saukar ɗalibai a Islamiyyar unguwarmu bayan Sallah, ina so in shirya kafin lokacin. Allah ya saka da alheri.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Za ta yi, ƙanena. Akwai wani tsari da ake kira PictBridge, wanda ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ta fito da shi a 2003, domin kyamara ta yi magana da firinta ba sai an bi ta kwamfuta ba, ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. IXUS na wannan zamanin suna da shi. Ka jona kebul ɗin USB na kyamarar a firinta, ka kunna ta a wajen duba hotuna, a fuskar kyamarar za ka zaɓi hoto, yawan kwafi da girman takarda.

Injin da aka fi sani da wannan aiki shi ne Canon Selphy, misali CP1300. Ba ya amfani da tawada ta ruwa. Wani siririn kirtani ne mai kala a cikin kaset, zafi ke manna kalar a takarda. Takardar za ta shiga ta fita sau huɗu: rawaya, sai ja-ja, sai shuɗi, na ƙarshe wani shafi ne mai ƙyalli da ke kare hoton. Ƙasa da minti ɗaya ya gama, a bushe, ka miƙa wa mai shi. Girman hoton inci 4 da 6 ne. Kada megafiksel ya dame ka, hoto mai wannan girman biyu da ɗoriya kawai yake buƙata, taka ta yi rara.

Tsohon mai hoto:
Abin da Baban Amira ya faɗa haka yake, sai dai ni a wajen taro ban yarda da kebul ba. Yaro, muddin kyamara na jone da inji ba ka ɗaukar kowa, batirinta kuma yana ta zuba. Ango zai fito daga masallaci kai kana tsugune kana jiran takarda ta fito. Injin yana da ramin katin SD da ɗan allo na kansa. Ka sayi kati biyu. Ka cika ɗaya, ka zare ka ba wani ƙaninka da ka koya wa danna maɓalli, ka zura na biyu ka koma cikin mutane. Kebul ɗin ka ajiye shi a jaka don ranar da kati ya ƙi karantuwa.

Abin da zai fi haɗa ka faɗa da mutane kuwa shi ne yanke kai. Ƙananan kyamarori yawancinsu hoton da suke ɗauka tsawonsa da faɗinsa huɗu bisa uku ne, takardar kuma uku bisa biyu ce, ta fi shi tsawo. In ka ce inji ya cika takarda ba farin gefe, dole ya datse kusan kashi ɗaya cikin goma. Hoton da ka ɗauka a kwance, sama da ƙasa za a yanke. Wanda ka ɗauka a tsaye, gefe da gefe. Na taɓa ganin hoton 'yan sauka a jere, kowa da allonsa a ƙirji, malaminsu na tsaye a baya an aske masa rawani daidai goshi. Iyaye suka saya, malam ya ce shi kam a kai kasuwa. Haka goggoron uwar biki, ta ɓata awa guda ana ɗaura mata, kai ka fito da rabinsa, ai ba za ka ga kuɗinka ba.

Maganinsa biyu ne. Ka duba saitin kyamara, in tana da 3:2 ka mayar da ita can tun kafin ka fara ɗauka. In babu, ka riƙa barin fili a saman kai, ko ka zaɓi wanki mai farin gefe, hoton zai fito cikakke.

Autan Hajiya:
Baba na gode, wallahi wannan na yanke kai ya sha faruwa da ni a wajen wanki, ina zaton masu wankin ne ke mini gangan. To maganar kuɗi fa? Akwai riba kuwa?

Injiniya na Kaduna:
Ni gaskiya ina ganin an ɗora ka a hanya mai tsada. Takardar Selphy da kirtaninta tare ake sayar da su, hoto ɗaya yana cin takarda ɗaya da rabonsa na kirtani, ko farin bango ka ɗauka. Ka nemi firinta mai tankin tawada irin Epson L805, kala shida, yana yin har girman A4, kuɗin kowane hoto ya yi ƙasa sosai. Shi ne a shaguna da yawa.

Tsohon mai hoto:
Injiniya, shawararka ta mai shago ce. Shi yaron nan a kan babur yake yawo. L805 ba shi da ramin kati, sai da kwamfuta ko waya, ba a son a riƙa jijjiga shi da tawada a ciki, kuma duk firinta mai tawadar ruwa in ta kwana biyu ba aiki bakin fitar tawadar na iya toshewa. Mutumin da sai ƙarshen mako yake samun biki fa? In Allah ya buɗa ya kama shago, sai ya saya.

Injiniya na Kaduna:
Na yarda da batun babur, Alhaji. Amma ya sani fa ranar da wani ya ce a yi masa babba na ratayewa a falo, sai ya koma birni.

Baban Amira:
Lissafin ba wuya. Kwalin takardar Selphy da ake kira KP-108IN takarda 108 ne da kaset uku, kowanne na yin 36. Ka tambayi farashinsa a ranar da za ka saya, tunda yana tafiya da dala, ka raba gida 100 maimakon 108, takwas ɗin ka bar su na ɓaci da na kyauta, don dole mai unguwa ko limami ya samu nasa. Ka ɗora kuɗin caji da ɗan ladan yaron da ke riƙe maka inji. Abin da ya fito shi ne jarinka a kan kowane hoto. Zai fi na wankin birni tsada, wannan ba makawa, amma babu kuɗin mota, kuma ba ka wanke sai wanda aka biya. Ka nuna wa mutum hotonsa a allo, ya ce ya yi, ya ba da kuɗi, sannan a danna.

Inda ribar ta fi ma shi ne fasfo. Injin na iya jera ƙananan hotuna har takwas a takarda ɗaya. Lokacin rajistar jarrabawa ko ɗaukar sababbin ɗalibai, ka samu farin ƙyalle ka kafa a bango, ka riƙe almakashi mai kaifi.

Ɗan Damagaram:
Salam daga Nijar. Wuta ba babbar matsala ba ce, injin bai wuce wat 60 ba lokacin da yake aiki, ƙaramar inbata da batirin sola sun ɗauke shi. Yana kuma da batirinsa na musamman da ake maƙalawa a baya, amma daban ake sayensa, caji ɗaya yana yin hoto hamsin da ɗoriya. Abin gudu shi ne wuta ta yanke ana tsakiyar wanki, takarda da kirtanin hoton sun tafi ke nan. Saboda haka janareta mai tari kada ka dogara da shi.

Ƙura ce abokiyar gabarka, musamman da hunturu. Takardar tana leƙowa ta bayan injin kowane zagaye, in ƙwayar rairayi ɗaya ta hau kanta ta koma ciki, za ka ga farin layi ya ratsa fuskar mutum. Kada ka ajiye shi a ƙasa ko kan tabarma. Ka nemi tebur a cikin aji ko zaure, ka bar tazarar kamar taƙi guda a bayansa, kada kowa ya ja takarda sai ta gama zagaye na huɗu. Yara za su kewaye ka, kowa na son ya taɓa, ka sa babba ya tsare. Gefen takarda mai sheƙi ba a kama shi da yatsa, kaset kuma ba a barinsa a rana.

Maman Hanan:
Ni ba mai hoto ba ce, amma ɗana ka ji wannan. Kirtanin da aka gama amfani da shi, in ka warware shi ka ɗaga a haske, za ka ga surar duk wanda aka wanke. Ka ce suna da biki kake zuwa, matan mutane ne a ciki. Kada ka jefar da kaset a bola yara su ɗauka suna wasa. Ka zaro kirtanin ka yayyanka shi tukuna. Kuma ranar sauka ka fara neman izinin hukumar makaranta, musamman ɓangaren 'yan mata.

Autan Hajiya:
In sha Allahu Mama, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kuɗina ba za su kai sabo ba, na hannu zan nema in na shiga Kano, an ce in duba wajen Beirut Road. Me zan lura da shi?

Baban Amira:
Ka tafi da kyamararka, kebul ɗinta da katinka, a wanke hoto a gabanka ta hanyoyin biyu. Ka zaɓi hoto mai farar riga da sarari a ciki, nan layi ko tabo ke saurin nunawa. In layin ya fito a wuri ɗaya a hoto biyu a jere, ka bar musu kayansu. Ka tabbata akwai farantin da ake zuba takarda da kuma adaftarsa ta asali, na hannu sau da yawa babu su, neman su daban kuma wahala ne. Kafin ka biya ka tambayi inda ake sayar da takardarsa, ka ga kwalin da idonka. Kati kuwa kada ya wuce 32GB, wasu tsofaffin injina ba sa karanta wanda ya fi haka.

Autan Hajiya:
Tambaya ta ƙarshe. Iyaye suna son kwanan wata ya fito a jikin hoton sauka. A kyamara zan saka ko a inji?

Tsohon mai hoto:
A inji. In ka saka a kyamara ya zauna a jikin hoton har abada, ko fasfo aka ce ka yi da shi ba ya gogewa. In kuma ka kunna duka biyun, sau biyu zai fito, wani kan wani. Ka dai gyara agogon kyamarar tun a gida, don daga nan injin ke ɗaukar ranar.