Wai BUK sunan wane Bayeron ta ci?

Ɗan_Gwale:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin tarihi ku raba mana gardama. A majalisarmu wani ya kafe wai sunan marigayi Ado Bayero aka sa wa BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, har yana cewa ai shi ya gina ta, ni kuma na ce a'a. Wa ke da gaskiya, kuma wace shekara ma aka kafa ta?

Malam_Habu:
Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa kai ke da gaskiya, sunan mahaifinsa ne, Sarki Abdullahi Bayero wanda Kanawa ke kira Sarki Alhaji, ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kuma ka ce wa abokin naka ya yi lissafi da kansa, an sa wa makarantar sunan nan a 1962, shi kuwa Ado sai 1963 ya hau gadon sarauta. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne da farko ma sunan Sardauna ta ci, a 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a cikin SAS, makarantar nazarin Larabci ta cikin gari, to da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta sunan Ahmadu Bello sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero kuma ta zama reshen ABU, digirin ABU ɗalibanta ke karɓa. A 1975 ta zama kwalejin jami'a, 1977 ta tsaya da ƙafarta, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko.

Hajara_Kabuga:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ni abin da ke ba ni haushi yaran yanzu sun ɗauka BUK ita ce sabuwar makaranta ta titin Gwarzo kawai, alhali tushen yana tsohuwar makaranta nan jikin ganuwa wajen Kabuga, ka shiga ka ga tsofaffin gine-gine da bishiyoyi wallahi ko ba a faɗa maka ba ka san wurin ya ga jiya. Sannan kar a manta da gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin BUK, amma ɗalibi sai ya gama shekara huɗu bai taɓa leƙa shi ba.

Sadiq_ABU:
To kun dai ji da kunnenku, ABU ce uwa, sai ku dinga gaishe mu 😂

Hajara_Kabuga:
Yayana uwa kam mun yarda, amma Jega daga kujerar shugaban BUK aka ɗauke shi zuwa INEC a 2010, wanda ya gaje shi Farfesa Abubakar Rasheed shi ma daga baya aka ba shi shugabancin NUC, hukumar kula da jami'o'in ƙasa, ka ga 'yar ma ta yi abin kai.

Ɗan_Gwale:
Na gode Malam, yau da magariba akwai wanda zai biya kuɗin shayi.