Garin neman gira an rasa ido: wai ni wannan maganar ta hau kaina?

Ɗan Sahu:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana kawuna ya yaɓa min ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, har yau ta ƙi fita daga raina, shi ne nace bari in kawo ta gaban masu Hausa a baki su raba mu. A da ina da Adaidaita Sahu nawa na kaina, na gama biyan kuɗinsa tas, kullum na fita ba na rasa na cefane da ɗan abin jefawa a asusu. To kun san yadda hatsi ya yi a 2024, buhun masarar da muka sani ƙasa da dubu 30 sai ga shi ya haura dubu 80, duk wanda ya ajiye kaya sai da ya dara. Ni kuma kullum ina ɗaukar 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau ina jin hirarsu a bayana, wane ya ninka kuɗinsa, wane ya sai fili, wane ya ƙara aure. Da kaka ta yi sai na sayar da mashin ɗin miliyan 2 da dubu 200, na sai masara buhu 33 a kan dubu 62, ragowar ta tafi a dako da hayar sito da maganin ƙwari. Lissafina kafin tsakiyar damina buhu ya kai dubu 100, in sayar in sai sabon mashin dal. Maimakon ta hau sai ta dinga gangarowa, ina jira ina cewa gobe za ta tashi, har dai kuɗin haya ya taso ni gaba na sayar da buhu 25 a kan dubu 38. Kawu da ya ji sai ya ce min kawai, garin neman gira ka rasa ido. Ni kuma abin ya min ciwo wlh, don gira ai ado ce, ni ba ado na je nema ba, rufin asirin iyalina na je nema. Shin maganar nan ta dace da ni ko dai kawu ya ɗauko wadda ta fi kusa da bakinsa ne kawai?

Tsohon Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin a je ga ko ta dace da kai, bari mu gyara zaman maganar tukuna. Ni yadda na taso na ji a bakin manya, garin GYARAN gira ne aka rasa ido, ba nema ba. Kuma in ka duba hakan ya fi ma'ana, don wa ke fita neman gira? Kowa da tasa aka haife shi. Hoton da ke cikin maganar shi ne mutum ga girarsa lafiya lau, ya ɗauko aska wai sai ya daidaita ta, hannu ya goce ya tsone ido. Wato abin da bai lalace ba ka ce sai ka gyara. A wannan ma'anar kawunka bai yi kuskure ba, sana'arka tana tafiya kai ka ɗauko mata aska.

Maman Khalifa:
Malam a yi min afuwa, mu a Zariya neman gira muke ji tun muna yara kuma ba mu taɓa jin wani ya ce ba daidai ba ne. Kuma akwai mai neman gira mana, wadda tata ba ta da kauri ba ga ta nan tana bin ta da gazal ba? Duk biyun suna tafiya. Ni dai na san ta a jikina. Watan Fabrairun 2024 lokacin da dala ta doshi 1,900 kowa yana cewa sai ta kai dubu biyu da rabi, na ɗauki sarƙa da ɗankunnen gwal ɗin da na gada wajen mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, na sayar ba tare da maigida ya sani ba, na ba ƙanena ya sayo min dala a Wapa a kan 1,800 da wani abu. Wata biyu ba a cika ba ta faɗo wajen 1,100, tsoro ya kama ni na ce ya je ya sayar kafin ta koma 700 yadda ake ta yaɗawa, ina sayarwa kuma ta juya ta fara hawa. Gwal kuwa tun daga lokacin sama kawai yake yi, yau ko ɗankunnen kaɗai kuɗin ba za su saya min ba. Har yanzu in ana biki a danginmu aka ce ina sarƙar Hajiya sai in ce tana ajiye.

Na Kantin Kwari:
Ni fa ina da ja a kan wannan hukuncin da ake yi wa yaron nan. Ku faɗi tsakaninku da Allah, da masarar ta kai dubu 100 yadda ya lissafa me kawun zai ce? Cewa zai yi mai nema yana tare da samu, matsoraci ba ya zama gwani, ya dinga nuna shi a unguwa yana cewa ɗan ƙanwata ne. Bahaushe wayo gare shi, ya tanadi karin magana ta kowane ɓangare, sai ya ga inda ƙwallo ta faɗa sannan ya zaro wadda ta dace. Shekarata 30 da wani abu a kasuwa ban taɓa jin an yi wa wanda ya ci riba karin maganar gira ba, ko da kuwa gidan gadonsu ya jinginar.
Sannan abin da ya faɗa masa ba shi kaɗai ba ne, manyan 'yan kasuwa masu sito goma ma sun sha. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, ga naira ta ɗan tsaya waje ɗaya, ga kuma kowa da ka sani, tela da malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, duk sun zama 'yan ajiyar hatsi a shekara ɗaya. Kayan da kowa ya ɓoye ranar da aka buɗe sito ai tare za su fito. Inda zan kama ka ƙanena guda ɗaya ne, labarin da ya kai ga kujerar bayan Adaidaita to ya riga ya tsufa, masu cin ribar sun ci sun wanke hannu.

Tsohon Malamin Firamare:
Alhaji maganarka ta farko tana da ƙarfi, ban musa ba, sau da yawa bayan an yi ɓari ake tuno karin magana. Amma ba ka ba shi amsar tambayarsa ba. Shi cewa ya yi ba ado ya je nema ba.

Na Kantin Kwari:
To ai shi ne Malam, in dai dole sai an yi masa wata to garin neman ƙiba an samo rama ta fi dacewa. Ƙiba ba ado ba ce, ƙari ce a kan abin da kake da shi, shi ma ƙari ya je nema.

Iya Mai Adashi:
Ku tsaya ku ji ta tsohuwa. Waɗannan maganganun biyu da kuke haɗawa ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma bambancin ba a gira da ƙiba yake ba, a ɗaya gefen yake. Wanda ya rame in ya samu abinci da kwanciyar hankali wata uku ya murmure. Ido kuwa in ya tsiyaye sai dai haƙuri. Shekara 22 ina riƙe wa mata adashi, na ga masu rama na ga masu rasa ido. Mace ta kwashi adashinta ta saro atamfa ta kasa sayarwa, wannan rama ce, injin markaɗenta yana nan, zagaye na gaba za ta zuba ta sake kwasa. Amma wadda ta sayar da injin markaɗen ta saro atamfar, ita da me za ta yi zubin gobe? Da yaron nan kuɗin asusunsa ya fasa ya sai buhu biyar, da yau dariya muke yi da shi muna cewa ya rame. Abin da ke haifa masa kuɗi kullum ya sayar, wannan shi ne idon. Kai kana kallon kalmar gira tana maka ciwo, kawunka kuwa ba girar yake nuna maka ba.

Na Kantin Kwari:
Iya kin kashe bakina. Kuma kin tuna min 2008, lokacin da kowa ke sayen hannun jarin bankuna bayan haɗe su da aka yi zamanin Soludo suka dawo 25. Ni da rarar kuɗi na saya, da kasuwar ta rushe na yi wata guda ba na cin abincin kirki amma shagona yana nan. Maƙwabcina a layi bashi ya ci ya ƙara a kai, shagon ya sayar ya biya, yanzu dillanci yake a bakin ƙofa. Rana ɗaya muka saya, farashi ɗaya, takarda iri ɗaya.

Yaro Mai Cajin Waya:
Hhhh to mu da abokanmu suka shiga MMM, tsarin nan na zuba kuɗi ta intanet, fa wace za a yi musu? An ce kashi 30 cikin ɗari duk wata, Disambar 2016 aka wayi gari an rufe asusun kowa. Kuma ba a daddara ba, wata irinta mai suna CBEX ta zo a Afrilun 2025 ta sake kwashe wasu, har da waɗanda na san sun yi kuka a na farkon.

Tsohon Malamin Firamare:
Wannan daban ce yaro, wannan cinikin biri a sama ne, ko ka ce kallon kitse aka yi wa rogo. Shi Ɗan Sahu masararsa ta gaske ce, ya gan ta ya taɓa ta ya ɗinke bakin buhu. Kar a haɗa shi da wanda ya sayi lamba a fuskar waya.

Abu Sumayya:
'Yan uwa a dinga tunawa da ƙaddara dai. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, abin da ba naka ba ko ka ƙulle shi a sito goma sai ya fita. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu yawan cewa da na yi kaza da kaza ya faru, don wannan kalmar tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Da na sani ƙeya ce.

Maman Khalifa:
Gaskiya ne Malam, mun yarda da ƙaddara. Amma ni dai ba ƙaddara ce ta hana ni shawara da maigida ba, na san zai hana ni ne shi ya sa na yi shiru. Ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara.

Bamaraɗe:
To ni ku ba ni tawa, don ni ban nemi gira ba ban nemi ƙiba ba kuma na sha kashi. Ina sayayya Jibiya ina kawowa Maraɗi, saboda haka kuɗɗina da yawa naira nika aje su. Da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai na ce bari in bar su yadda suke har a buɗe, ban taɓa ko sisi ba. Kafin a buɗe a watan Maris na 2024 naira ta zube, abin da jikka guda ta sefa ka saye na naira ya ninka har ya wuce. Kuɗɗina suna nan cif yadda na ƙirga su, amma rabinsu ya tafi ina kwance bisa katifa. An ce ajiya maganin wata rana, to ni ajiyar ce ta cinye ni.

Iya Mai Adashi:
Kai taka rama ce ɗana, tunda har yanzu kana zuwa Jibiya. Sai dai ramar zaune ce, irin ta wanda ya ƙi cin abinci don tsoron sammu.

Ɗan Sahu:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Maganar Iya ta shige ni, don sai yanzu na tuna ranar da mai sayen mashin ya zo da kuɗi matata ta ce min, to gobe da safe ina za ka fita? Na ce mata wata shida ne kawai ki yi haƙuri, ban ma ɗauki tambayar a bakin komai ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa kawu da ya bari na huce tukuna, ba a tsakiyar mutane a ƙofar masallaci ba. Kuma Malam ni ban yarda idon ya tsiyaye gaba ɗaya ba, yanzu mashin ɗin wani nake ja ina kai masa balas kullum da yamma, abin da ya ragu nawa, da ciwo kam in na miƙa kuɗin amma dai ina fita. Saura buhu 8 a sito ban san ma me nake jira da su ba.

Maman Khalifa:
Fara ce ko ja? In ƙwari ba su taɓa ta ba ina son buhu biyu na tuwo, amma fa a farashin yau ba na lissafinka ba.

Ɗan Sahu:
Fara ce Hajiya, tsab take na sa mata magani. Ki ƙara dubu biyu a kai ni zan kawo miki tasha da kaina, mai mashin ba sai ya ji ba.