Ƙarar kunne ta hana ni barci: shin barin tuwo da shinkafa zai rage ta?

Malam Umaru, Argungu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin lafiya da waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekaruna 47, kuma shekara 16 ke nan ina aiki a gidan injin casar shinkafa a nan Argungu, tun ina yaron injin da ke kwashe ɓuntu har Allah ya hore mini na sayi nawa. Kimanin wata takwas da suka wuce na fara jin wata siririyar ƙara a kunnuwana biyu, mai kama da kukan gyare, sai dai shi gyare yakan yi shiru idan an matso kusa da shi, ita kuwa ba ta da hutu. Da rana, idan injin yana aiki ana ɗura shanshera, ba na ko tunawa da ita. Amma da dare, musamman idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya gida ya yi tsit, sai ta cika mini kai, har nakan fito tsakar gida in zauna a kan tabarma ina jiran kiran assalatu.

Ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, inda wani Bature yake cewa ya rabu da irin wannan ƙara bayan ya koma tsarin abincin da ake kira kito, wato mutum ya bar sukari da duk abinci mai sitaci, ya dogara da nama da ƙwai da mai da ganye. Ina shan maganin hawan jini shekara uku ke nan, kuma a gwajin da na yi na ƙarshe an ce sukarina yana bakin iyaka. Shin akwai gaskiya a wannan magana? Idan kuwa akwai, me mutumin Kabi zai ci idan aka raba shi da tuwon shinkafa da fura?

Hajiya Balkisu, Gusau

Wa alaikumus salam. Sannu, Malam Umaru, Allah ya ba ku lafiya. Ni ba likita ba ce, tsohuwar malamar makaranta ce, amma na bi wannan tsari na tsawon wata huɗu, saboda haka zan faɗi abin da na gani da kaina. Ciwon sukari ne ya kai ni gare shi, da sanin likitana, ba ƙarar kunne ba, ko da yake ita ma ina tare da ita tun kafin in yi ritaya.

Da safe nakan ci dafaffen ƙwai biyu da kwaɗon zogale wanda ba a sa masa sukari ba. Da rana a yi mini miyar kuɓewa ko ta alayyahu da kifi, in sha ta da cokali babu tuwo, jikokina suna leƙo ni suna dariya wai Hajiya ta manta da tuwonta a tukunya. Da dare awara ko ɗan nama da kabeji. Makon farko na sha wuya ƙwarai, da ciwon kai da kasala da yawan fitsari, har na kusa fasawa. A wata na uku sai na ga na rage kilo bakwai, awon sukarina ya daidaita, kuma ƙarar da a da nake jin ta kamar tafasar butar shayi ta koma can ƙasa-ƙasa, ba ta hana ni barci.

Sai dai amana ta sa dole in ƙara da cewa a daidai wannan lokaci ne na bar cin goro da shan shayi da dare, kuma na fara tattaki bayan sallar asuba. Na kasa ɗorewa bayan wata huɗu, domin tukunya biyu a gida ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma zuwa biki ko suna ya zame mini azaba. Yanzu ina cin tuwo rabin malmala, lemon kwalba kuwa mun yi hannun riga. Ƙarar tana nan, amma muna zaman lafiya da ita.

Malam Nasiru, Birnin Kebbi

Malam Umaru, ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma tun kafin in kai ƙarshen bayaninku hankalina ya tsaya a kan injin, ba a kan tuwon ba.

Ƙarar kunne alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma ba ku kaɗai ba ne: wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya kiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna jin ta. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda yake ɗauke da dubban ƙananan ƙwayoyin halitta masu kai kamar gashi, su ne suke mayar da sauti ya zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma waɗanda suka mutu daga cikinsu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Idan saƙon da ƙwaƙwalwa ta saba samu ya ragu, sai ta ƙara ƙarfin saurarenta, kamar mai murɗa rediyo a tashar da ba ta kamawa, kuma wannan shi ne kukan gyaren da kuke ji. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi ya nuna cewa awa takwas a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ita ce iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Ba sai kun nemi na'urar awo ba: idan sai kun ɗaga murya kafin yaron da ke tsaye kusa da ku ya ji, to wurin ya kai matakin cutarwa. Ku kun san ko a gidan injinku ana magana ne ko ana ihu.

Shi kuwa tsarin kito ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Russell Wilder ne ya tsara shi a asibitin Mayo da ke Amurka a 1921, domin masu farfaɗiya, kuma har yau a wannan fanni ne ya fi kafuwa, musamman ga yaran da magani bai yi musu aiki ba. Ana rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a yini, har jiki ya rasa sukarin da zai ƙona, hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da sinadaran da ake kira kiton. Domin ku gane tsananinsa, giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wanda bai wuce ludayi ɗaya ba, yana ɗauke da kimanin giram 28 na sitaci, wato ludayi biyu sun cinye rabon yini gaba ɗaya.

Wannan tsari ba ya cikin hanyoyin da likitocin kunne suka amince da su wajen magance ƙarar kunne. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta fitar a 2014 sun ba da ƙarfi ne ga gwajin ji, da sanya na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, da zaman koyar da mutum yadda zai sauya tunaninsa game da ƙarar har ta daina tayar masa da hankali. Amma ban ce labarin Hajiya Balkisu tatsuniya ba ne. Sashen nan mai siffar katantanwa yana rayuwa ne da ƙananan hanyoyin jini, waɗanda sukari da hawan jini suke lalatawa, kuma wani bincike da aka yi a Amurka a 2008 ya gano cewa raunin ji ya kusa ninki biyu a wurin masu ciwon sukari. Saboda haka wanda ya daidaita sukarinsa, ya rage ƙiba, ya samu barci, zai iya jin sassauci. Abin lura shi ne duk waɗannan ana samun su ba tare da an kai jiki ga matakin kiton ba, kuma babu abincin da zai tayar da ƙwayoyin da injin ya riga ya kashe.

Shawarata ita ce ku je a leƙa kunnen tukuna, domin wani lokaci dattin kunne ne da aka danna ciki da tsinken ashana ko gashin kaza, sannan a yi muku gwajin ji. Ana samun sashen kunne a manyan asibitocin Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku sayi abin toshe kunne na soso ko mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, ku da yaranku na aiki, domin auduga ba ta tare abin kirki. Da dare kuma kada ku yarda ɗaki ya yi tsit. Ƙaramar fanka mai caji ko rediyo ƙasa-ƙasa takan lulluɓe ƙarar. Ga masu karatu kuma: wanda ƙararsa take kunne ɗaya kawai, ko take bugawa tare da bugun zuciya, ko ta zo da jiri mai juya ɗaki, ya nemi likita da wuri. Wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya daina ji farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.

Malama Asma'u, Jega

Ni mai haɗa magunguna ce, kuma abin da ya tsorata ni a tambayar shi ne maganin hawan jinin da Malam Umaru ya ambata a wuce. A makonnin farko na tsarin kito jiki yana zubar da ruwa da gishiri da yawa, shi ya sa Hajiya ta ga yawan fitsari. Idan maganinku yana cikin masu sa fitsari, kuma kuna tsaye yini guda a ɗakin injin mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi yake haura digiri 40, jini zai iya sauka ƙasa har jiri ya kwashe ku, kuma faɗuwa kusa da bel mai juyawa ba abin wasa ba ne. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar da ke sa jiki ya ƙara fitar da insulin, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma idan ya yanke sitaci bai rage magani ba. Tsarin kuma yana iya jawo taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda ko hanta kada su kusanci tsarin sai da izinin likita.

Sannan ku tuna magungunan da kuka sha kafin ƙarar ta fara. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro sananne ne wajen sa kunne kuka, haka asfirin idan an yawaita shi, kuma su waɗannan galibi ƙarar takan tafi idan an daina. Allurar jentamaisin kuwa, mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ake yi wa mutane barkatai a ƙananan shagunan magani, ɓarnarta a kunne takan zama ta dindindin. Ku tattara kwalayen duk abin da kuke sha, har da na gargajiya, ku tafi da su wurin likita.

Hajiya Balkisu, Gusau

Na ji bayanin Malam Nasiru kuma ban musa ba, sai dai ina tsoron kada Malam Umaru ya fahimci cewa an wanke abinci ne gaba ɗaya. Mutumin da aka ce sukarinsa yana bakin iyaka, gargaɗi aka yi masa, kuma ni da aka yi mini irinsa na yi watsi da shi, yau shekara tara ina haɗiyar ƙwaya. Ko don idonsa da ƙodarsa ya rage sukari da sitaci.

Malam Umaru, Argungu

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je Birnin Kebbi ranar Talata. An leƙa kunnuwan an ce babu datti, sannan aka sa ni a wani ɗan ɗaki aka ɗora mini abin saurare a kai, aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji sauti. Sakamakon ya nuna cewa jina na siraran sautuka ya ragu a kunnuwan biyu, na hagu ya fi, kuma da likita ya tambayi wane ɓangare nake ba injin idan ina tsaye wajen awo, sai na ga lallai hagu ne. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa uwargida take yawan cewa ina ƙure ƙarar rediyo.

Na nuna masa bidiyon. Ya ce bai yarda in shiga tsarin kito ba muddin ina kan wannan magani kuma ina aiki cikin zafi, amma in bar lemon kwalba, in daina zuba sukari a fura, in rage tuwon dare in ƙara miya da kifi, in dawo bayan wata uku a sake auna sukarin da jin. Na sayo abin rufe kunne guda biyar. Yarana biyu sun karɓa, sauran biyun sun ce yana hana su jin sauyin kukan injin idan bel ya fara sakewa, kuma a gaskiya ni ma da kunne nake gane hakan tun ina yaron injin. Malam Nasiru, ko akwai irin wanda yake rage ƙarar amma bai toshe ta gaba ɗaya ba?