Me za mu kira purlin da Hausa? Gobe da safe zan miƙa aikin

Maman Ilham:
Salam jama'a, dan Allah a agaza. An ba ni fassarar takardar koyar da leburori da masu ɗora rufi a wani aikin sito na ajiyar hatsi, gobe ƙarfe 8 ake so, na maƙale a kalma uku: purlin, side rail da cold-formed. Na farko shi ne ƙarfen da ake gicciyawa a kan rafta a ɗaure kwano a jikinsa, na biyu irinsa ne amma a jikin bango. Na ukun kam kaina ya ɗaure.

Sani Kafinta:
Hajiya mu dai a bakin aiki falin muke cewa. In katako ne tu-bai-tu, kowa ya gane.

Maman Ilham:
Na yi tunanin haka Malam Sani, amma a rubuce falin da fallen kwano sun yi kusa, kuma a jimla ɗaya suke zuwa, "a ɗaure fallen a kan falin", ka ji fa.

Injiniya Bashir:
Ki fara gane na ukun tukuna. Manyan ginshiƙai da rafta ana murza su ne ƙarfen yana ja wur, zafi wajen digiri 1,000. Wannan kuwa falle ne siriri da ke zuwa a naɗe kamar tabarma, an riga an shafe shi da tutiya don tsatsa, kaurinsa yawanci milimita 1.5 zuwa 3, sai a bi da shi ta cikin jerin rola suna lanƙwasa shi kaɗan kaɗan har ya fito da siffar Z ko C, ba a hura masa wuta ko kaɗan. Ƙarfinsa a lanƙwasar yake, har ɗan leɓen nan na baki aiki yake yi, shi ke hana gefen lotsawa. Mai Z ana iya sa bakin wani cikin wani a kan rafta su haɗu su ƙara ƙarfi, shi ya sa aka fi sa shi a dogon rufi.

Ɗan Maraɗi:
To ƙarfen sanyi kenan

Sani Kafinta:
Kai haba, ka ce wa lebura ɗauko ƙarfen sanyi, sai ya zaci maganin sanyi ake rabawa 😂

Malam Nahawu:
Ni abin da ke ba ni takaici, kullum sai mu ɗauki kalmar Bature mu karya mata wuya mu ce Hausa ce. Falin ɗin me? Ku kalli rufin kafin a sa kwano, me kuka gani in ba haƙarƙari ba? HAƘARƘARIN RUFI, na bango kuma haƙarƙarin bango. Na daɗe ina amfani da ita a aji, ɗalibai na kamawa nan take.

Injiniya Bashir:
Malam da girmanka, haƙarƙari daga ƙashin baya yake saukowa, in ka bi wannan hoton rafta ce haƙarƙari. Purlin a kwance yake, yana bin tsawon ginin.

Malam Nahawu:
Ku injiniyoyi matsalarku kenan, da Turanci kuka yi karatu da Turanci kuke mafarki, sai an zo maganar harshe ku ce za ku yi mana gyara. Haƙarƙarin saniya a tsaye yake ko a kwance?

Injiniya Bashir:
A rataye yake Malam, wajen mahauta.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan masu aikin da Faransanci suka koya, panne suke cewa, na bango lisse. Matsalar kuma pan ɗin ita ce dai kalmar lalacewar mota, ka ce akwai pan a sama sai a nemo bakanike.

Malam Nahawu:
Ka gani ko, kowa da ubangidansa. Ranar da Bakano da Bamaraɗe za su kasa gane juna a kan rufin ɗaki ɗaya ai mun ji kunya.

Sani Kafinta:
To Malam kwano da ƙusa da siminti da bulo fa, duk a gidanka suke, ko su ma korar su za ka yi?

Malam Nahawu:
Ƙusa Hausa ce tsantsa, kar ka haɗa.

Maman Ilham:
Jama'a ƙarfe 11 ta wuce fa, ni ba zaɓen sarkin Hausa na zo ba 😭

Baba Audu Gusau:
'Yata, tun ɗazu nake karatu ina dariya. Wanda ya taɓa ɗaura tsaikon ɗakin jinka ko ya yi darni ya san tanka. Karan da kake gicciyawa ka ɗaure a kan na tsaye, shi ke riƙe komai, a rufi tanka, a danga ma tanka. Bature ya raba masu suna biyu, a Amurka ma na bangon girt suke ce masa, mu tun kakanni suna ɗaya muka ba su don aikinsu ɗaya.

Injiniya Bashir:
Wallahi Baba ka gama magana. Tankar rufi, tankar bango. Har a masana'anta ma sau da yawa ƙarfe ɗaya ne, inda aka ɗaura shi ne ya bambanta. Hajiya ki tabbata kin fassara wajen da aka ce da noti ake ɗaure su a jikin 'yan kunnuwan da ke kan rafta, kar mai walda ya bi su da wuta, yana ƙone tutiyar kuma hayaƙin na sa zazzaɓi.

Sani Kafinta:
Yaran Kano na yanzu ba su san tanka ba fa, za su zaci tankar mai ce.

Malam Nahawu:
Tanka ta kara ce, ƙarfe ba kara ba ne. Amma dai ta fi falin, wannan zan yarda. A ajina haƙarƙari zan ci gaba da cewa.

Maman Ilham:
Na rubuta tankar ƙarfe ta rufi da tankar ƙarfe ta bango, a farkon ambato na ƙara "wato falin" saboda yaran Malam Sani. Cold-formed na sa "wanda aka lanƙwasa ba wuta", ya yi tsawo amma babu mai zuwa kemis. Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Ɗan Maraɗi:
To siririn rodin nan da ake sawa tsakanin tanka da tanka don kar su lotsa kafin a sa kwano fa, shi me sunansa?

Maman Ilham:
Innalillahi, yana shafi na 4, ban ma kai can ba.