Ciwon ciki ya hana ni barci, don Allah ku taimaka

Assalamu alaikum ƴan uwa, daga Tawa nake rubutu. Wata 3 kenan cikina na damuna, can sama wajen ƙahon zuci, zafi kamar an zuba garwashi, ya fi tsanani in ban ci komi ba ko tsakar dare, in na sha fura sai ya ɗan lafa. Na je likita, lokotoro ya ce alamar ulsa ce, ya rubuta min omeprazole na sha sati 2 na samu sauƙi, ina dainawa ya dawo. Gaskiya ina shan diclofenac saboda ciwon baya, sai daga baya na ji irin maganin nan yana cin ciki, na bari. Shayi da tonka ma na rage, inna ta ce in sha ruwan kanwa amma hankalina bai kwanta ba. Ba na aman jini, bahayana bai yi baƙi ba, alhamdulillahi. Tambayata, wa ya taɓa yin gwajin H. pylori, ƙwayar cutar nan mai jawo ulsa? Ana yi nan Tawa ko sai na tafi Yamai, kuma jika nawa zan tanada? Wallahi na gaji.