Neman kayan birkin tirelar jan jirgin ruwa

Da muka tattauna da masu irin wannan tirela, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: sunan kamfanin da ya ƙera tirelar ba shi ne abin dubawa ba, aksil ɗin ne, wato sandar ƙarfen da tayoyin ke juyawa a kanta. Yawanci wani kamfani daban, kamar Dexter na Amurka, shi ke yin aksil da birkinsa. Ka kwanta ƙasa ka share dattin aksil ɗin, ka karanta lambar da ke jikinsa, da ita za ka nemi kayan birkin.

In tsatsa ta cinye lambar, sai awo. Aksil mai ɗaukar nauyin fam 3,500 yakan zo da diram (kwanon ƙarfen da birki ke kamawa daga ciki) mai inci 10 da ƙusoshi 4 masu ɗaure birkin a jikin aksil. Babba kuma inci 12 da ƙusoshi 5. Birkin hagu da na dama ba ɗaya ba ne. Boris ma lambarsa na jikinsa, ka cire ka tafi da shi shago a hannunka.

Shawarar da ta fi kwanta mini: a canza birkin duka gefen biyu lokaci guda. Wanda ke shiga ruwan gishiri kuwa ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, ya riƙa wanke birkin da ruwan famfo bayan kowace fita.